Shingen Lissafi a Lambun Goggo Shatu

A ƙauyenmu Tsamiyar Sada, nan kan hanyar Sandamu idan ka baro Daura, ba a taɓa yin mutumin da ya san abu da yawa bai iya komai ba kamar Nagoggo. Sunansa na yanka Abdulmuhaimin, amma da yake goggonsa Shatu ce ta goya shi tun da uwarsa ta rasu, kowa Nagoggo yake ce masa. Shi kuwa tun da ya dawo daga kwalejin kimiyya ya ce ya daina amsa wannan suna, a riƙa ce masa Injiniya Abdulmuhaimin. Muka gwada kwana biyu, muka ga sunan ya yi wa bakinmu tsawo, muka koma wa wanda muka saba.

Zango uku kacal ya yi a kwalejin aka sallamo shi. A faɗarsa malamai ne suka ji tsoron zai ƙwace musu aiki. Abin da ya dawo mana da shi littafi ne guda mai kauri wanda bangonsa ya yage, da biro uku a aljihun gaba, da dogon takalmin roba mai kai wa gwiwa, wanda yake sawa ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. A littafin nan ma babi ɗaya ya karanta, babin yadda ake lissafa ƙarfin cajin lantarki idan ya bazu a jikin waya. Ni shagon ɗinkina yana kallon bayan gidansu, saboda haka na sha wannan babi har na kusa haddace shi ba da son raina ba.

Goggo Shatu tana da lambu a bayan gidan, kusa da rijiya. Ba wani babba ba ne, fangali ashirin da ɗoriya na barkono da albasa da alayyafo da ɗan tumatir. Amma da shi take cin tuwo da miya, da shi take ɗinka zanen salla, da shi kuma ta tura Nagoggo makarantar da aka koro shi. Shekara talatin tana ba lambun nan ruwa kowace asuba, ba ta taɓa fashi ba.

To a garinmu, kamar sauran garuruwan ƙasar Daura, dabbobi a turke suke duk damina. Sai an gama girbi an kwashe amfani sannan Maigari ya sa rana a sake su. Duk mai lambun rani ya san dole dangarsa ta tsaya kafin wannan rana, domin akuyar da ta yi wata biyar a ɗaure ba ta san haram ba. A shekarar da nake ba ku labari, shekara biyu da ƙaddamar da shari'a a jiharmu, gara ta cinye rabin dangar Goggo Shatu. Da sankira ya zagaya ya ce Maigari Zailani ya sa ranar Alhamis ta sama, saura kwana tara ke nan, sai ta ce wa Nagoggo ya je gona ya ɗauko mata kara a gyara.

Nagoggo ya dube ta da tausayi. Ya ce mata zamanin kara ya wuce. Zai yi mata shingen da ido ba ya gani, waya ɗaya tak mai caji, wadda za ta riƙa tura akuya baya tun tana nesa da kamu huɗu, ba duka ba tsawa. Kafin ta gama fahimtar maganar ya tuge sauran rabin dangar da gara ta bari, wai kara yana ɓata lissafi. Da yamma muka ga maƙwabta suna kwasar karan suna kai wa murhu.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan labari shi ne Audi mai awaki, maƙwabcinsu, dattijo mai bakin tsiya wanda ke da akuya goma sha bakwai. Ya jawo tabarmarsa gindin shagona ya zauna, ya ce Injiniya ya yi masa bayani don ya je ya sanar da awakinsa. Nagoggo bai gane zolaya ba ce. Ya tsuguna ya share ƙasa, ya ja layi da tsinke, ya zana wata alama doguwa mai lanƙwasa sama da ƙasa kamar ƙugiyar mahauta.

"Baba Audi, waya ba a kallonta gaba ɗaya. Sai ka yanka ta a zuciyarka gutsu-gutsu, kowane guntu bai kai ƙwayar gero ba. Kowane guntu yana da ɗan cajinsa, yana tura akuya da ɗan ƙarfinsa. Na kusa ya fi turi. Idan nisa ya ninka biyu, turin guntun ya koma ɗaya bisa huɗu. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka haɗa turin duka. Aikin wannan ƙugiyar ke nan."

"To tunda haɗawa za ka yi, me ya kai ka yankawa?"

"Ai nan ilimin yake."

"Ni dai igiya ɗaya nake ɗaure Zinariya da ita. Ban taɓa yanka ta a zuciya ba, kuma tana tsayawa."

Zinariya ita ce babbar akuyarsa, ja mai farin goshi, wadda ta taɓa shiga masallaci ta cinye kalandar salla. Nagoggo ya ce ita ma za ta gane kurenta.

Matsala ta farko ita ce littafin ya ce lissafin na waya mara iyaka ne. Nagoggo ya hau mota ya tafi Daura wajen wani Kalilu. Shi Kalilun nan da can hayar lasifika yake bayarwa a gidajen biki. Da shari'a ta zo aka hana kiɗan, sai ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa, wayoyinsa suka zauna jibge a lungu ɓera na wasa a kai. Nagoggo ya ce a ba shi waya mara iyaka. Kalilu ya ce duk wayar da ya sani tana da iyaka biyu, amma ga kamu ɗari uku nan, ya kwashe kyauta ya rage masa shara. Nagoggo ya yi ɗan lissafi a tafin hannu, ya ce idan aka gwada da tsawon akuya, kamu ɗari uku mara iyaka ne.

Kwana biyu ya yi yana fere robar jikin wayar da reza, har yatsunsa huɗu suka sha tsumma. Sannan ya ɗaura ta a miƙe, daga rijiya ta bi gefen lambu, ta haye katangar gidan Liman, ta ratsa tsakar gida, ta fita ta ƙetare hanyar masallaci, ta ƙare a jikin wata bishiyar darbejiya. Lambun kansa kamu talatin ne. Da na tambaye shi ta sauran ɓangarori uku fa, ya ce mini in tsaya ga kekena.

Saura caji. Ya ɗauko butar roba ta alwalar Goggo da buzun sallar marigayi mijinta, ya yi ta goga ɗaya a jikin ɗaya. Da ya kai butar kusa da gashin kaza, sai gashin ya yi tsalle ya manne. Gaskiya ko ni na yi mamaki, Audi ma ya gyara zama. Wannan gashin kazan shi ya ƙarasa lalata yaron nan. Daga hantsi har la'asar yana goga buta yana dangwala wa waya, yana rubuta adadin dangwalawar, Goggo kuwa ranar da ƙwarya ta yi alwala.

Washegari ya fito ya hango wayarsa ta yi ciki ta saman katangar Liman. Matan gidan sun wayi gari sun ga Allah ya kawo musu igiyar shanya har tsakar gida, sun cika ta da jiƙaƙƙun zannuwa. Gidan matan aure ne, ba shiga. Nagoggo ya tsaya bayan katanga yana ta magiya a kwashe, wai ruwan wanki yana shanye masa cajin jiya. Wata murya daga ciki ta ce ya yi haƙuri, ba su bushe ba. Ya ce wannan kayan kimiyya ne. Muryar ta ce nasu ma kayan sawa ne. Haka ya zauna a rana yana jiran zanen matar Liman ya bushe.

Da azahar aka yi gwaji. Audi ya jawo Zinariya da igiya, mutane suka taru. Nagoggo ya ja layi a ƙasa kamu huɗu daga waya, ya ce a nan za ta tsaya cik kamar ta ci karo da bango. Zinariya ta taka layin ta wuce, ta isa jikin waya ta shinshina, sannan ta ɗora wuyanta a kai ta fara susa tana lumshe ido.

Dariya ta fashe. Nagoggo ya buɗe littafi da sauri, ya bi layi da yatsa, ya ɗaga kai ya ce laifin akuyar ne. Caji ba ya tura abin da ba shi da caji, ita kuwa wannan akuya ba ta da ko ɗigo. Audi ya ce lallai shekara shida yana kiwonta bai taɓa sa mata ba, a gafarce shi. Nagoggo ya matse littafi a hammata, ya kama Zinariya ya shiga goga mata buta a gadon baya. Ta tsaya masa lafiya lau, don daɗi take ji. Da ya zo wajen ƙugu sai ta waiwayo a hankali, ta kama shafin da ya leƙo daga hammatarsa, ta fizge ta tauna. Shafin da amsar take ne.

Ana cikin wannan sai ga Liman a kan keke zai je masallaci. Wayar ta tsince hularsa tsaf ta ajiye a kwata, shi kuma ya wuce kamu goma kafin ya ji iska a kansa. Kafin magariba saƙon Maigari ya iso, a cire waya daga hanyar Musulmi.

Da wani ne, da ya saduda ya tafi neman kara, don saura kwana huɗu. Nagoggo cewa ya yi dama layi ba shi ne babban lissafi ba, zobe ne. Ya kafa turke a tsakiyar lambu, ya ɗaura igiya ya zagaya, ya fitar da da'ira. Lambun Goggo mai kusurwa huɗu ne, don haka kusurwoyin duka suka faɗo waje, da albasarta gaba ɗaya. Ta ce masa albasar fa? Ya ce ba ta cikin lissafi. Ta ce a ɗan ja wayar ta lanƙwaso ta ɗauke ta mana. Ya ce idan zobe ya karkace ko da faɗin yatsa ne, ƙugiya ba za ta haɗu ba. Da yamma na ga tsohuwar nan a duƙe tana tuge albasarta tana dasawa a cikin zobe, daga baya kuwa rabinta bai tashi ba.

Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Na same ta na ce ta bari ni da maƙwabta biyu mu haɗu mu kafa mata danga, yini ɗaya ya isa. Ta ce ta yi masa zancen, ya rantse idan aka kafa kara ɗaya a lambun zai bar garin, tunda an nuna ba a yarda da iliminsa ba. Ta ce ita ba ta da kowa sai shi, kuma tun da ya dawo ba ta ga yana cin abinci da marmari ba sai a kwanakin nan. Na koma shago ina ta tsaki ni kaɗai.

Nagoggo ya sake komawa Daura ya ce wa Kalilu buta ta yi kaɗan. Kalilu ya haɗa masa batirin babur da kwail na tsohuwar mota mai ƙara ƙarfin wuta da wani ɗan akwati mai yin ƙyas, ƙyas, kamar agogon bango. Daga baya Kalilu ya rantse mana cewa sai da ya gaya masa gaskiya. Ya ce masa abin nan ba ya tura kowa daga nesa, wanda ya taɓa waya shi yake sha, kuma kada ya kuskura ya taɓa ta ba takalmi, balle a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nagoggo ya buga takalminsa na roba ya ce masa, kai waya ka sani, ni lissafinta na sani.

Ya kafa turaku a kewayen zoben, ya kifa kwalbar lemo a kan kowanne, ya bi wuyan kwalaben da waya daidai tsayin gwiwa. Audi ya ce Zinariya tana haye katanga mai kai wa ƙirji. Nagoggo ya ce ai ba za ta iso ba balle ta yi tsalle. Sannan ya bayyana mana babban sirrin zobe. Kowane guntun waya yana da abokinsa a ɗaya gefen yana kallonsa. Wannan ya turo gabas, wancan ya turo yamma, sai su kashe juna. Saboda haka a tsakiya cif, idan aka haɗa duka, sifili ne. A nan zai tsaya ranar Alhamis da batirinsa, caji na kewaye da shi, ko gashin girarsa ba zai motsa ba.

"Wato duk wannan wahalar," in ji Audi, "don ka samo sifili ka yi ta?"

"Sifilin da aka lissafa daban yake da wanda aka tsinta, Baba Audi."

"Haka ne. Naka ya fi tsada."

Nagoggo ya je har ƙofar Maigari ya roƙi a zo a gani da ido kafin a saki dabbobi, domin idan abin ya yi, garuruwa har Baure za su zo koyo, sunan Tsamiyar Sada ya fita. Maigari Zailani mutum ne mai sanyin hali da son a ce garinsa ya ci gaba, sai ya amsa. Aka shirya masu awaki su zo da su a igiya su tsaya kewaye da lambu, a ga yadda za su ja da baya, sannan a yi sanarwar saki. Daren Laraba Nagoggo ya ce wa Goggo kada ta ba lambu ruwa da safe. Ta ce to. Da asuba ta ɗauki guganta ta ba shi ruwa sharkaf kamar kullum, har ta ƙara, don a ganinta baƙi za su zo, bai kamata su ga barkononta a yamutse ba.

Da hantsi gari ya hallara. Awaki sun fi sittin, kowace tana jan igiya, idonta a kan alayyafo. Nagoggo ya ƙetara waya ya shiga tsakiya da babbar riga da biro uku da takalminsa yana nutsewa a laka. Ya ga jiƙar ƙasar, ya harari Goggo, amma ya dubi takalminsa ya kwantar da rai. Ya haɗa batir, akwati ya fara ƙyas, ƙyas. Ya buɗe hannuwa ya ce jama'a su shaida, ga shi a cikin sifili, babu abin da ya same shi. Audi ya ce shi ma ga shi a waje babu abin da ya same shi. Nagoggo ya yi kamar bai ji ba, ya shiga bayanin guntaye da ƙugiya.

Yana tsaka da bayani Maigari ya iso. Nan take kowa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ana ranka ya daɗe, kamar yadda muka tashi muka tarar. Maigari ya tako har bakin waya ya tsaya yana murmushi. A duk filin nan mutum ɗaya ne ya rage a tsaye da takalmi, shi ne Injiniya, a tsakiyar barkono.

Na ga fuskarsa a lokacin, kuma na tausaya masa. Lissafi ya ce ya tsaya inda yake. Goggo kuwa daga inda take durƙushe ta ɗago ta dube shi, ta ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Tarbiyyar da na ba ka ke nan?"

Zango uku bai isa ya kankare abin da aka koya wa mutum tun yana rarrafe ba. Kafin kansa ya gama shawara ƙafafunsa sun fita daga takalmi. Ya watsar da su nan tsakiya, ya taho da sauri ƙafa a laka, ya zube a gaban Maigari. Maigari ya miƙo masa hannu ta saman waya. Nagoggo ya kama da hannu biyu don ladabi, ya sunkuya, ƙirjinsa ya kwanta a kan waya.

Akwati ya ce ƙyas.

Ban taɓa sanin Maigari Zailani yana iya tsalle ba. Shekararsa saba'in da wani abu, amma ya tashi sama shi da Nagoggo tare kamar an gwada musu. Nagoggo ya zabura zai gudu, ƙafarsa ta sarƙe a waya, ya faɗi ya jawo hannun Maigari. Akwati ya sake cewa ƙyas, suka sake zabura, rawani ya warware ya faɗa fangalin tumatir. Audi ya saki igiyar Zinariya ya ruga ya cafki damtsen Maigari zai janye shi. Shi ma ƙafarsa ba takalmi, sai ya karɓi rabonsa, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin dattijo ba. Liman ya kama Audi yana salati, salatin ya katse a tsakiya. Daga nan duk mai riƙe da akuya ya yar da igiya ya yi kan Maigari, don ba a tsayawa kallo shugaba yana rawa a laka.

Goggo Shatu ce kaɗai ta yi abin hankali. Ta ɗauki ƙotar fartanya, ta taka ta shiga tsakiya, ta maka wa akwatin sau ɗaya. Ƙyas ɗin ya tsaya.

Amma kafin a ɗaga Maigari, a karkaɗe masa riga, a nemo rawani, a tabbatar Liman yana numfashi, waya tana kwance a ƙasa, awaki sittin da ɗoriya kuma suna cikin lambu, Zinariya a gaba. Muka bi su da sanda da jifa. Ka kori biyar ta gabas, goma su shigo ta yamma, ba danga balle ƙofar da za a tare. Goggo ta tsaya da ƙotarta a hannu tana kallo, ba ta kori ko ɗaya ba, ta san an riga an gama. Kafin a kama ta ƙarshe lambun ya koma fili. Har littafin ba su bari ba, sai zaren ɗinkinsa muka tsinta.

Aka zaunar da Maigari a kan tabarmar Audi aka ba shi ruwa. Wasu suka ce a kai maganar gaban alƙali a Sandamu, tunda yanzu shari'a ake yi. Liman ya ce shi duk karatunsa bai ga babin da wannan laifi ya faɗa ba. Maigari ya juya ga Nagoggo, wanda ke tsugune laka har gira, biro ɗaya ya rage a aljihu.

"Injiniya, ka ce abin yana turawa tun daga kamu huɗu."

"Ranka ya daɗe, a lissafi haka yake."

"To ni dai sai da na iso na ji shi. Awaki kuma ban ga sun ji komai ba."

Nagoggo ya fara cewa jiƙar ƙasa ce da rashin daidaiton zobe, Maigari ya ɗaga masa hannu. Ya ce ba za a je kotu ba, don kada a ji a Daura yadda aka yi. Hukuncinsa shi ne Nagoggo ya ɗauko kara daga gona a kansa, ba jaki ba amalanke, ya kafa wa goggonsa danga mai kusurwa huɗu, ya haɗa da inda albasa take. Audi ya roƙi alfarma a ƙara da cewa kada ya yanka karan a zuciya.

Jama'a suka watse suna dariya, wasu har da riƙe ciki. Ni ban iya dariyar ba sosai, don ina kallon Goggo Shatu tana bin fangali ɗaya bayan ɗaya, tana duƙawa tana duba ko akwai abin da ya saura. Amfanin rani guda ke nan ya tafi, kuma lokacin sabon dashe ya kusa wucewa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Da ta isa tsakiya sai ta tarar da takalman Nagoggo a kwance inda ya watsar da su. Ta ɗaga ɗaya, ga ɗan barkono a ƙarƙashi ya kwanta amma da ransa. Ta ɗaga ɗayan, ga wani. Su biyu ne kaɗai awaki ba su gani ba a duk lambun.

Kwana goma sha ɗaya Nagoggo ya yi yana jigilar kara, ƙafa ba takalmi, Audi na zaune yana tambayarsa ko wannan damin yana da caji. Ita kuwa Goggo ta huda ƙasan takalman nan da ƙusa, ta cika su da ƙasa da taki, ta dasa barkonon biyu a ciki, ta rataye su a saman katanga inda ko Zinariya ba ta kaiwa. Kowace asuba su take fara ba ruwa.

Ranar da ya ɗaure karan ƙarshe, ƙaya ta gama da tafin ƙafarsa, na ji shi daga shago yana roƙonta ta juye barkonon a tukunya ta ba shi takalmansa. Ta ci gaba da zuba musu ruwa da butarta, ba ta ko waiwayo ba.

"Bar su nan, ɗan nan. A duk abin da ka kawo mini daga makaranta, su kaɗai suka tsare mini barkono."